Kasuwar da Ba Ta Tashi: Wayar Hannu da Jarabar Saye-saye a Gidajenmu

Karatu: Luka 12:13-21, 1 Timoti 6:6-10

Gabatarwa

A ƙarshen kakar bara wata 'yar'uwa a Azare ta zo gidana da yamma. Bayan gaisuwa ta daɗe a zaune ba ta ce komai ba. Da ta buɗe baki sai ta ce, "Baba, kuɗin hatsinmu ya tafi, kuma ɓarawo bai shiga gidanmu ba."

Ita da maigidanta sun saba tara kuɗi tun daga damina domin su sayi buhunan gero da dawa lokacin kaka, sa'ad da hatsi yake da sauƙi. Da lokaci ya yi ta ce ya kawo kuɗin, sai ya fara kame-kame. Bayan kwana uku gaskiya ta fito. Maigidan malamin makaranta ne, mutum mai natsuwa, ba ya shan giya, ba ya caca. Amma ya kashe kuɗin kaf a kan kayan da yake gani a waya: takalma ƙafa biyar, agoguna uku, na'urar jin kiɗa, da wata fitila mai aiki da hasken rana wadda ba ta yi mako biyu ba ta mutu. Yawancin kayan suna ajiye a shagon wani abokinsa kusa da tasha, wasu ko kwalinsu bai buɗe ba. Da kuɗin ya ƙare ya ci bashi ta wata manhajar waya. Ranar da ya kasa biya, masu bashin suka aika da saƙo ga mutanen da lambobinsu ke cikin wayarsa, har da shugaban makarantarsu da wani dattijon ikkilisiya.

Da na zauna da shi ya ce mini, "Gaskiya, Baba, ban san yadda aka yi ba. In na kwanta da dare sai in ɗauki waya in ce kallo kawai zan yi. Kafin in ankara na tura kuɗi. Da safe kuma in ji haushin kaina."

Da yardarsu na ba da wannan labari, na kuma ɓoye sunayensu. A wannan darasi za mu duba abin da ya canja a hanyar sayayyarmu, da abin da likitoci suka gano game da jarabar saye-saye, da abin da iyali za su iya yi kafin irin wannan rana ta same su.

Shingayen tsohuwar kasuwa

Bari mu fara da tuna yadda iyayenmu suke cin kasuwa. Mutumin Madara ko Cinade ko Bulkacuwa in yana son sabuwar riga, sai ya jira ranar da zai shigo Azare. Mutumin Azare in yana son atamfa ko shadda ta musamman, sai ya hau mota ya yi tafiyar kimanin kilomita 200 zuwa Kantin Kwari a Kano, ko ya ba wani sautu. Tsakanin sha'awar abu da mallakarsa akwai shingaye guda biyar, ko da yake ba mu taɓa kiransu da wannan suna ba.

Na farko nisa ne. Kafin ranar tafiya ta zo, sau da yawa sha'awar ta huce.

Na biyu lokaci ne. Kasuwa tana ci, tana kuma tashi. In magariba ta yi, 'yan kasuwa sun naɗe kaya, kowa ya kama hanyar gida.

Na uku tsabar kuɗi. Mai saye yana zaro kuɗi daga aljihu ko daga bakin zane, ya ƙirga, ya miƙa, ya ga abin da ya rage. In ya ƙare, cin kasuwa ya ƙare.

Na huɗu ciniki. Za ka taɓa kaya, ka juya shi, ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka yi kamar za ka wuce, ya kira ka. A cikin waɗannan mintoci hankali yana samun damar tambayar zuciya ko abin ya cancanci kuɗinsa.

Na biyar idon jama'a. A gari kamar Azare ko Katagum ba ka sayen takalma ƙafa biyar ka ɗauko su a bayan babur ba tare da maƙwabci ko suruki ya gani ba.

Waɗannan shingaye sun tsare mutane da yawa waɗanda suke zaton ƙarfin halinsu ne ya tsare su.

Yadda shingayen suka faɗi

Cikin shekara ashirin da 'yan kai shingayen nan suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. A shekarar 2001 wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. A 2012 aka kafa Jumia da Konga a Legas, manyan kantunan intanet da suka koya wa 'yan Nijeriya sayen kaya ba tare da sun taɓa shi ba. A shekarar ce kuma Babban Bankin Nijeriya ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas. Daga baya bankunan waya irin su OPay a 2018 da PalmPay a 2019 suka sa buɗe asusu da tura kuɗi ya zama aikin 'yan mintoci. Sai ƙarancin takardun naira na farkon 2023, bayan da aka sauya fasalin kuɗi, ya tilasta wa kowa koyon transfa, har mai sayar da tumatir da mai shayi. A ƙarshen 2024 kantin Temu ya shigo Nijeriya da tallace-tallace masu yawan gaske a kan wayoyin jama'a.

Sai dai a wajenmu babbar kasuwar intanet ta fi waɗannan kantuna kusa da mu. Ita ce sitatus na WhatsApp, da shafukan Facebook, Instagram da TikTok, inda 'yar ajinku ta dā ko matar abokin aikinka take baje hotunan leshi, jakunkuna, kayan kicin da turare. Ka ga kaya, ka tambayi farashi, ka tura kuɗi, a ba direba a Kano, washegari a kira ka daga tasha.

Kada mu yi wa wannan ci gaba butulci. Mata da yawa a cikinmu suna ciyar da 'ya'yansu da wannan sana'a daga cikin ɗakinsu. Manomi yana jin farashin wake da riɗi a wasu kasuwanni kafin ya sayar. Ɗalibi a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh ko a Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare yana samun littafin da babu shi a gari. Abin lura shi ne, sauƙin da ya taimaki mai bukata shi ne kuma ya bar mai rauni ba tare da kariya ba. Yanzu babu nisa, babu lokacin tashi, babu ƙirgar kuɗi, babu mai gani. Kasuwa ta shigo ɗakin kwana, tana ci har ƙarfe biyu na dare.

Mece ce jarabar saye-saye?

Kowa yakan yi sayayyar da ya yi nadama a kanta. Wannan kuskure ne na yau da kullum. Jarabar saye-saye ta wuce nan. Hali ne da tunanin saye yake cika zuciyar mutum, ya ji matsi a ransa har sai ya saya, ya sami ɗan sanyi na lokaci kaɗan, sa'an nan kunya da nadama su biyo baya, amma ya sāke komawa duk da yana ganin ɓarnar da abin yake yi wa gidansa. Sau da yawa kayan ba su dame shi ba. Saye ɗin kansa shi ne abin da yake nema. Shi ya sa za ka tarar da kwalaye a ɓoye ba a buɗe ba.

Wannan hali ya girmi intanet. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus Emil Kraepelin ya bayyana shi a 1915, Eugen Bleuler na Suwizalan kuma ya sa shi cikin littafinsa na koyar da likitoci. A 2006 Lorrin Koran da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka suka yi hira ta waya da manya 2,513, suka sami alamun jarabar a wajen kashi 5.8 cikin ɗari. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, maza da mata kusan kunnen doki suka yi: mata kashi 6, maza kashi 5.5. Saboda haka maigidan da yake karanta wannan darasi yana hararar uwargida, ya fara duba nasa aljihu. A 2016 wasu masana, Aniko Maraz da Mark Griffiths da Zsolt Demetrovics, suka haɗa sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, suka sami kusan kashi 5 cikin ɗari na manya. Waɗannan alƙaluma na ƙasashen waje ne, amma in har abin ya yi kusa da haka a wajenmu, ikkilisiya mai manya 200 za ta iya samun mutum goma da suke fama a ɓoye.

Game da intanet kuwa, a 2019 Astrid Müller da abokan aikinta a Jamus suka duba mutum 122 da suka zo neman magani saboda wannan jaraba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku sun nuna alamun jarabar saye ta intanet, kuma saye ta intanet ya zo tare da ƙarin tsananin ciwon da ƙarin damuwa da baƙin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta ambaci jarabar saye-saye a matsayin misali cikin matsalolin kasa riƙe kai.

Ya kamata mu fahimci wannan dangantaka daidai. Waya ba ta ƙirƙiro rauni a zuciyar da babu shi. Galibi akwai wani abu a ƙasa: kaɗaici, baƙin ciki, rashin jituwa a gida, jin cewa an raina mutum, ko tsoron a ce ya kasa. Mai irin wannan nauyi yakan daɗe a kan waya don ya manta, daɗewar kuma ta sa ya ga tallace-tallace da yawa, sayen ya jawo bashi, bashin ya ƙara masa nauyi, ya sāke komawa kan waya. Haka abin yake zagayawa.

Yadda waya take hura wutar

Akwai hanyoyi shida da ya kamata kowane iyali su gane.

1. Kuɗin da ba a gani ba ya zafi. Masana halin ɗan adam suna magana a kan zafin biya, wato ɗan raɗaɗin da mutum yake ji sa'ad da kuɗi ke fita daga hannunsa. A wani gwaji da Drazen Prelec da Duncan Simester suka wallafa a 2001 a Amurka, an yi gwanjon tikitin kallon wasa. Waɗanda aka ce za su biya da katin bashi sun taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce za su biya da tsabar kuɗi. Ƙirga naira dubu ashirin takarda bayan takarda daban yake da danna lambobi huɗu.

2. An gajarta hanya da gangan. Kamfanin Amazon ya sami rajistar mallakar dabarar saye da dannawa ɗaya a 1999, domin 'yan kasuwa sun san kowane ƙarin mataki yana ba mai saye damar fasawa. Shi ya sa manhajoji suke roƙonka ka ajiye lambar katinka a wajensu.

3. Waya tana koyon rauninka. In ka tsaya kallon takalmi na 'yan daƙiƙoƙi, an rubuta. Gobe za ka ga takalma a duk inda ka leƙa. Mai talla a kasuwa yana kiran kowa da kowa. Tallan intanet kai yake kira, da abin da ya san kana so.

4. Gaggawar ƙarya. Za ka ga agogo yana ƙirga mintocin da suka rage kafin rangwame ya ƙare, ko a rubuta cewa saura guda biyu. Wasu manhajoji har da wata ƙafar sa'a da kake juyawa ka ci kyauta, wadda ba ka samu sai ka yi saye. A watan Oktoba 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe bincike a kan Temu, kuma cikin abubuwan da ta ce za ta duba har da ko tsarin manhajar yana jawo jaraba. Ko a sitatus ma, "saura ɗaya, wa zai ɗauka?" dabara ɗaya ce.

5. Daɗin jira. Binciken ƙwaƙwalwa ya nuna cewa sinadarin dofamin, wanda yake tura mutum neman abu, yana motsawa sosai tun lokacin sa rai, kafin abin ya zo hannu. Saye ta intanet cike yake da sa rai: zaɓe, biya, jiran kiran direba, tafiya tasha. In kaya ya iso, daɗin ya kusan ƙarewa, sai zuciya ta nemi wani sabon jira.

6. Ganin na wasu. A dā kana gwada kanka da maƙwabta goma. Yau kana ganin bukukuwan Abuja da Legas da Dubai kowace rana, kuma kowa mafi kyawun kayansa yake nunawa, ba ya nuna takardar bashinsa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, ido kuwa shi ne ƙofar kwaɗayi.

Bashi a tafin hannu

Shinge na ƙarshe da ya rage shi ne ƙarewar kuɗi. Manhajojin ba da rance sun rushe shi. A dā mai neman bashi sai ya je gaban ɗan'uwa ko maigidansa ya yi bayani, ya sha tambaya. Yanzu cikin minti goma, da tsakar dare, kuɗi ya shigo, da ruwa mai yawa da wa'adi gajere. Wasu daga cikin masu wannan sana'a sun riƙa kwashe lambobin wayar masu cin bashi suna tozarta su a wajen dangi da abokan aiki. Abin ya yi yawa har Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a 2022, ta kuma kafa tsarin yi musu rajista. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke kantinsa shiga lambobi da hotunan mutane. Duk da haka akwai waɗanda suke bi ta bayan fage.

Mu tuna kuma da halin da ake ciki. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa hannu a kansa a Yuli 2024 kuwa naira 70,000 ne. A irin wannan lokaci naira dubu goma da ta tafi a banza, daga tukunyar yara ta fita. Karin Magana 22:7 ta kwatanta mai cin bashi da bawa a hannun mai ba shi. Duk wanda ya taɓa jin gabansa ya faɗi saboda ƙarar waya ya san ma'anar wannan.

Alamomin da za a lura da su

Kowa ya tambayi kansa, kada ya fara da tambayar wani:

Ina ɓoye kaya ko farashinsu ga mijina ko matata? Ina da kayan da na saya ban taɓa amfani da su ba? Nakan shiga kallon kaya sa'ad da raina ya ɓaci ko na kasa barci? Na taɓa taɓa kuɗin abinci, na makaranta, na haya, na adashi ko kuɗin da aka ba ni amana domin in yi saye? Na taɓa cin bashi don in biya wani bashi? Na yi alkawarin dainawa na kasa?

Wanda ya amsa "i" ga biyu ko uku daga cikinsu, lokacin neman taimako ya yi.

Abin da nassosinmu suka nuna

A Luka 12 wani mutum ya kawo wa Yesu ƙara a kan rabon gādo, sai Yesu ya ja kunnen taron a kan haɗama, ya ba da misalin mai arzikin da ya shirya rushe rumbunansa ya gina manya. Mutumin ya auna ransa da yawan abin da ya tara. Kowane talla da ke wayarmu wannan ma'auni yake miƙo mana, yana cewa da wannan abu ɗaya za ka cika mutum. A 1 Timoti 6 kuwa Bulus ya koya wa Timoti darajar wadar zuci, ya kuma gargaɗe shi a kan tarkon da son kuɗi yake jefa mutane. Wadar zuci abu ne da ake koyo a hankali, kuma mai koyo yana bukatar shinge har ya yi ƙarfi, kamar yadda ake kewaye dashen mangwaro da ƙaya don kada awaki su cinye shi. Don haka addu'a da kafa shinge tare suke tafiya.

Sāke gina shingaye

1. A faɗi gaskiya. Miji da mata su zauna da takarda da biro, a rubuta kowane bashi: wa ake bi, nawa, yaushe ne wa'adi. Wanda aka gaya wa ya riƙe harshensa a wannan rana. In an amsa gaskiya da zagi, gobe ƙarya za a ji.

2. A raba kuɗi ranar da ya shigo. Kafin dare ya yi a fitar da zakka, da kuɗin abinci, da na makaranta, da na haya. Kuɗin hatsi da na taki a ajiye su inda yatsa ɗaya ba ya kaiwa: asusun da ba a haɗa shi da manhajar waya ba, ko mai bukatar sa hannun mutum biyu, ko ƙungiyar ajiya amintacciya.

3. A maido da nisa. A kafa dokar kwana uku: duk abin da ba abinci ko magani ba ne, a rubuta shi a takarda, a jira kwana uku, a kuma gaya wa abokin zama kafin a saya. Rangwamen da ba zai iya jiran kwana uku ba, a bar shi ya wuce. Araha ba ta ado.

4. A maido da lokacin tashin kasuwa. A sa lokaci, misali ƙarfe tara na dare, da za a ajiye dukan wayoyi a wuri ɗaya a falo. Sau da yawa sayayyar nadama da dare ake yinta, sa'ad da jiki ya gaji, hankali ya yi rauni.

5. A tsawaita hanya. A goge manhajojin kantuna da na rance, a cire lambar kati da aka ajiye, a kashe sanarwar talla, a rufe sitatus na masu sayar da kayan da suke jan hankali. Yin haka ba gaba ba ce da kowa.

6. A auna farashi da gumi. Mai albashin naira 70,000 da yake aiki kwana 22 a wata yana samun kimanin naira 3,200 a rana. Takalmin naira 15,000 aikin kusan kwana biyar ne. Uwargida kuma ta iya aunawa da mudu: wannan jaka mudun gero nawa ce a kasuwar Azare yau?

7. Kada a ci bashi don ado. Wanda ya riga ya shiga, ya daina cin sabo don biyan tsoho, ya fara da wanda ruwansa ya fi yawa. In ana tozarta shi, ya ajiye saƙonnin a matsayin shaida ya kai ƙara ga FCCPC.

8. A ga likita in abin ya fi ƙarfi. Hanyar da bincike ya fi nuna amfaninta ita ce zaman shawara da masanin halin ɗan adam, inda mutum yake koyon gane abin da ke tayar masa da sha'awar da yadda zai canja martaninsa. In akwai ciwon baƙin ciki ko fargaba a ƙasa, a yi maganinsa. Akwai kuma ciwon da yake sa mutum ya yi kwanaki cikin zumuɗi, ba barci, yana kashe kuɗi ba lissafi, har ma wasu magungunan ciwon karkarwar jiki na Parkinson sukan jawo jarabar saye. Duk wanda halinsa ya canja farat ɗaya, a kai shi asibiti. Zuwa wurin likita ba rashin bangaskiya ba ne.

Rabon ikkilisiya

Mu ma mu duba kanmu. Sau nawa a shekara ake fitar da anko, na biki, na suna, na taron zumunta? Matar da take da biki huɗu a wata uku, kowanne da ankonsa, mu ne muka tura ta wurin mai ba da rance. Zumuntar mata da ta matasa za su iya yanke shawara a rage anko, a kuma daina kallon wanda ya zo da tsohon kaya. Kafin Kirsimeti, lokacin da tallace-tallacen rangwame suka fi yawa tun daga watan Nuwamba, yana da kyau a keɓe zama ɗaya a koyar da tsarin kashe kuɗi na iyali.

'Yan'uwa masu sayar da kaya ta waya, sana'arku halal ce, Allah ya sa albarka. Amma in kin ga wata tana ɗaukar kaya bashi a kan bashi, tana cewa kada mijinta ya sani, ƙauna ita ce ki ce mata ta dakata. Iyaye kuma su sani yara suna kallo. Yaron da ya ga kwali yana shigowa gida kowane mako, ya kuma ji ana cewa babu kuɗin littafi, ya riga ya koyi darasi. A ba yara 'yan kuɗi kaɗan su koyi ajiya da jira, kada kuma a bar musu waya mai haɗe da asusun banki.

Fastoci da dattawa su riƙe asirin wanda ya kawo kukansa. Kunya ce take ciyar da wannan jaraba. In labarin mutum ɗaya ya fita daga ofishin fasto ya shiga gari, sauran tara ba za su taɓa zuwa ba.

Kammalawa

Malamin nan da matarsa sun sayar da kayan da suka sayu, a kan hasara. Sun sayi rabin hatsin da suka saba saye, sauran kuma suka riƙa awo da mudu da tsada har damina. Sun yi wata bakwai suna biyan bashin. Ya goge manhajojin, albashinsa yana shiga asusun da su biyu suke gani, wayarsa kuma tana kwana a falo. Ya gaya mini sau biyu ya kusan komawa, sau ɗaya kuma ya koma, amma a daren ya faɗa wa matarsa, suka soke cinikin da safe. Matar ta ce abin da ya fi hatsin yi mata ciwo shi ne watannin da ya yi yana ɗauke da nauyin shi kaɗai a gefenta ba ta sani ba.

Kaka tana tafe. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ubangiji ya ba mu wadar zuci, ya kuma ba mu gaskiya a tsakaninmu.

Tambayoyi don nazari a gida

1. Cikin shingaye biyar na tsohuwar kasuwa, wanne ne ya fi faɗuwa a gidanku?
2. Kowa ya duba abin da ya tura ta waya cikin kwana 30 da suka wuce. Nawa ne ya tafi kan abin da ba a shirya saye ba?
3. A wane lokaci, kuma cikin wane hali na zuciya, ka fi jin sha'awar saye?
4. Me misalin mai arzikin nan na Luka 12 yake koya mana game da yadda muke auna kanmu da wasu?
5. Wane mataki ɗaya cikin takwas ɗin nan iyalinku za su fara a wannan mako, wa kuma zai riƙa tunatarwa?